Ba Idonka Ba Ne, Yaya

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi, Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinsa. Yaya, ka yanke jiki ka faɗi a ƙofar shago da mukulli a hannunka, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararka hamsin da biyu. Daga wurin Allah muka fito, can kuma duk muka dosa. Na san da haka tun ina yaro, amma sanin bai rage min komai ba da aka kira ni a waya.

Ni ƙanenka ne ciki ɗaya, kuma shekara bakwai muna aiki a kan teburi guda. Mutane da yawa sun yaba maka cikin kwanakin nan, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai tabon da ya zauna a kan sunanka shekara biyu, ni kuwa na shafa maka shi. Zan zo kansa. Bari in fara faɗin ko wane ne kai, don wanda bai san ka ba ya gane girman abin da na ɓata.

Duk layin masu kwamfuta ba wanda ke kiranka da sunan yanka, sai Mai Fanka. Kai ne mai haɗa manyan kwamfutocin nan masu bangon gilashi, waɗanda ake jera wa fanka tara, goma, har sha biyu, kowace tana ba da haske kala-kala. Samari sukan zo don hasken, kai kuwa iskar ce ta dame ka. Kowace fanka wayoyi biyu gare ta, ɗaya ta juyawa, ɗaya ta fitila. In fanka goma ce, wayoyi ashirin ke nan, kuma duk sai ka kwantar da su ta bayan akwati, ka ɗaure kowace da igiyar roba, a wurin da mai kaya ba zai taɓa leƙawa ba har abada. Na sha ce maka wahalar banza ce. Kai kuwa sai dai ka miƙo hannu in ba ka almakashi.

Ba ka yarda a jona fanka fiye da uku a bakin jonawa guda na madabod, wato babban farantin da komai ke hawa kansa. Sauran sai ka kai su ƙaramin akwatin raba wuta, shi kuma ka ba shi abincinsa kai tsaye daga tushen wutar kwamfutar. In ka gama, sai ka yagi ɗan tishu ka kara a gaban kowace fanka, ka ga wadda ke jan iska da wadda ke fitarwa. Na tuna wani saurayi da ya nace duk fankokinsa sha biyu su riƙa hura iska ciki, wai ta nan gefen suka fi kyau a hoto. Ka dube shi ta saman kafaɗa ka ce, "Ɗana, kai ma in kana shaƙa ba ka fitarwa, kwana nawa za ka yi?" Ya yi dariya, ya bar ka ka yi aikinka.

Lokacin da sana'ata ta gyaran waya ta durƙushe, ina da iyali, ban san inda zan sa kaina ba, kai ka matsar da kujerarka ka ce teburin ya ishe mu mu biyu. Ba ka taɓa goranta min ba, ko da wasa. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya faɗa min jiya yana hawaye cewa shekara huɗu kana share masa ƙurar tsohuwar kwamfutarsa, in ya sa hannu aljihu sai ka ɓata rai. Faɗanka ɗaya ne, gaggawa. Ni kuwa da gaggawa aka haife ni, Inna ma ta sha faɗa.

To, ga abin da ya faru. Wata baiwar Allah mai zanen gine-gine ta ba mu aikin kwamfuta mai fanka tara, tana da babban aikin da za ta miƙa a ƙarshen makon. A kan madabod akwai bakuna biyu na fitila, kusa da juna, kamar Hassan da Hussaini: ɗaya mai haƙora uku, yana ba da wuta bolt biyar, ɗaya mai haƙora huɗu, yana ba da sha biyu. Fitilun nata 'yan bolt biyar ne. Al'adarka ce ka bar wannan wayar ta zama ta ƙarshe, sai ka duba takardar farantin ka sake dubawa. Ranar ka gama komai, matar ta kira ta kasa gane layinmu, ka fita tarbo ta. Na ga wayar fitilun na lilo, na ce ai abu kaɗan ya rage. Kan wayar irin mai arhar nan ne da ba a toshe rami na huɗu ba. Na tura ta a bakin sha biyu, ta shige sumul, na mayar da gilashi, na koma kujerata ina jin na rage maka aiki.

Kuka shigo kuna hira, ka danna maɓalli. Fitilun suka yi wal sau ɗaya, suka mutu. Ƙaurin roba ya cika shagon. Fankoki tara, da akwatin raba wuta, da wani gefe na madabod ɗin, duk suka tafi a gaban idon mai kaya. Ka buɗe gilashin, ka daɗe kana kallon wayar, sannan ka ce a hankali, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ni ne." Ina zaune taku biyu daga inda kake, bakina ya ƙi buɗuwa. A raina na ce ka gane, rufa min asiri kake yi kamar yadda ka saba tun muna yara.

Ka kwance fankokin kwamfutarka ta gida ka sa mata, amma aikinta ya riga ya makara, ta rasa shi. Ba ta da laifi da ta faɗa wa mutane. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin wata guda layi ya ɗauka cewa idon Mai Fanka ya fara tafiya. Masu manyan ayyuka suka riƙa shigowa suna gaishe ka da ladabi, sannan su sunkuyo wajena su ce, "Don Allah kai za ka haɗa min." Ni kuma in karɓa. In faɗi gaskiya har da jin daɗi na karɓa. Ka koma ƙarshen teburi kana goge ƙura da canza batura. Kullum ina cewa gobe zan yi maka magana, kullum ina lallashin kaina da cewa tunda ka sani ka yi shiru, ai ka yafe.

Kwana uku da rasuwarka, muna zaune ana karɓar gaisuwa, wani dattijo daga layinmu ya ce, "Allah Ya jiƙansa, gwani ne kafin ido ya ci amanarsa." Na ce amin tare da kowa. Da yamma na shiga wajen matarka, babbar 'yarka na gefenta. Matarka ta miƙo min wata jakar leda, ta ce ko zan san abin da za a yi da ita. Takardun asibitin ido ne, na wurare uku daban-daban, duk cikin shekara biyun nan.

Ta ce, "Duk sun ce masa lafiyarsa ƙalau, bai yarda ba. Cewa yake shi bai tuna ma lokacin da ya jona wayar ba, to in ba ido ba ne, ƙwaƙwalwa ce. Tun daga ranar tsoron kayan mutane yake." 'Yarka ta dube ni ta ce, "Baffa, kai kana wurin. Da gaske Baba ne ya ƙona?"

Ashe ba ka sani ba, Yaya. Ba rufa min asiri ka yi ba. Bai taɓa faɗo maka a rai ba cewa ƙanenka zai taɓa aikinka ya yi gum, don haka ka tuhumi idonka da hankalinka, ka bar ni. Shekara biyu kana zaune kusa da ni kana zaton kanka ya fara lalacewa, maganin kuwa kalma biyu ce a bakina. Ban san abin da wannan damuwar ta yi wa zuciyarka ba, likita bai ce komai ba, ni ma ba zan ce ba. Amma tambayar ba za ta bar ni ba har in tarar da kai.

Na faɗa wa 'yarka gaskiya a take. Ta tashi ta shige ɗaki, har yau ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Washegari na je ofishin mai zanen na faɗa mata. Yanzu ga shi a rubuce, don duk wanda ya taɓa jin waccan magana ya ji wannan: Mai Fanka bai taɓa ƙona kayan kowa ba. Ni ne na jona wayar.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa haƙurin da ya yi ya zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Innarmu, wadda ta binne babban ɗanta da tsufanta, da matarsa, da 'ya'yansa huɗu, da duk mutanen layinmu. Allah Ya ba ku dangana. Ku yi masa addu'a, in kun samu sarari ku haɗa da ni, domin wanda ya kamata in roƙa gafara ya riga ya tafi.