Murfin Kwalba Iri Biyu

Shekarun baya, ciwon suga ya tafi da idon mahaifina. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne rabuwa da dara. Shi da amininsa, wani tsohon direban tifa daga Tarauni, sun tsufa suna buga ta a ƙofar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, da murfin kwalbar lemo: wannan ya ɗauki ja, wancan kore. Da launi ya ɓace masa sai ya shige ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Muna kallo yana ramewa.

Ni da iya yina na je kasuwa na sayo masa 'ya'yan dara na roba masu sheƙi. Ya shafa su ya miƙo mini. "Duk santsinsu ɗaya. Kai wa yara."

Mahaifiyata ce ta ce, "Ai hannunsa bai makance ba. Nemo masa murfin ƙarfe iri biyu, mai haƙora da ake ɓallewa da mabuɗi, da dogon nan na murɗawa irin na manyan kwalaben lemon biki."

Sai a lokacin na lura lemon roba ya kusa korar kwalba daga unguwa. Ga ni da gemuna ina bin shaguna, ina duƙawa ina tsintar murfi. Wani mai shago ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, Allah ya ba da lafiya." Sai da na dangana da Hotoro kafin na haɗa.

Da na zuba wa Baba a tafi, ya bi haƙoran da yatsa, ya kankari cikin da farce. "Roba ce a ciki. Na zamaninmu wani ɓawo mai laushi ake sa musu, mu ɓamɓare shi mu maƙala murfin a riga kamar lambar soja." Har na manta rabon da ya yi doguwar magana haka.

Washegari amininsa ya zo. Baba ya ci wasan farko, ya ci na biyu, sai ya janye hannu. "Alhaji, in sadaka ka kawo, ga masallaci can."

Suka sake zubawa. Alhaji ya yi wa Baba cin kaca, har da dariyar ƙeta. "Da idonka ma yaushe ka iya?"

Baba ya shigo gida yana ta sababi, ya ce a zubo masa tuwo. Ya cinye, ya nemi ƙari.

Yanzu dukansu sun rasu, Allah ya jiƙansu, kuma ina kewar rigimarsu ƙwarai. Mu 'yan gida kullum sannu, kullum lallaɓawa, ashe da tausayinmu muke ƙara kwantar da shi. Shi abokin karawa yake nema, wanda zai cinye shi ba sani ba sabo, ya kuma dawo gobe su sake.