Bizar Magani

A da, a Konni, shaidar magani ita ce bakin mai sayarwa. Idan ya ce yana ci, shi ke nan. Yau tsohuwa ma sai ta juya kwali ta duba.

Na yi fatauci a Akara da Abija da Jidda kafin in zauna gida, ina jin Faransanci da Ingilishi. Shi ya sa wani ƙaramin kamfanin Najeriya ya naɗa ni wakilinsa lokacin da kulorokin ya daina kashe masassara. Suna da sabon magani, an yarda da shi a can. Ni kuwa so nake ya shiga faramasin garinmu, wato kantin magani, kafin damina, don na ga yadda yara suka sha wuya a daminar da ta wuce.

A Najeriya lambar izini ake bugawa a kwali. A nan kuwa izinin sayar da magani sunansa biza. Da na gaya wa ƙanena, mai motocin haya, sai ya kwashe da dariya.

"Yaya, biza? Magani Makka za shi? Ni kullum ina tsallaka iyaka, ba wanda ya tambaye ni ita. Ba ni 'yan kabu-kabu biyu, gobe wanga magani yana kasuwa."

Na ce, "In ya shigo ta daji, gobe na jabu ya biyo shi ta daji, kwalinsu iri guda. Wa zai raba su?"

"To, a ɗauko mishi hoto da hula."

Na tafi Yamai da samfuri da takardun kamfani. Matar da ta karɓe ni a buro, ofishin masu ba da biza, ta ce za a auna ƙwayar a labo, a ga ko abin da aka rubuta yana ciki. Ta ce takardar cikin kwali da Ingilishi take, sai an mayar da ita Faransanci, don da shi ma'aikatanmu na likita suka yi karatu a lakwal. Ta kuma nemi shaidar cewa maganin yana jure zafi. Wannan ban yi musu ba. Na san abin da rana take yi wa kaya a bayan mota tsakanin Tsarnawa da Malbaza.

Kamfani ya yi gunaguni, na matsa musu har suka aiko. Ruwa ya sauka biza ba ta fito ba. Kullum ƙanena ya gan ni sai ya ce, "Alhajin naka bai samu jirgi ba?" Ban ji daɗi ba, amma ban ba shi kwali ko ɗaya ba.

Gero ya fara fitar da kai aka kira ni, biza ta fito. Maganin ya shiga faramasi masassara tana tsakiyar ƙarfinta, kuma ɗiyar ƙanena tana cikin waɗanda suka fara sha. Ta tashi.

Ƙanen nawa shi ya yaɗa zancen biza a tasha don ya ba mutane dariya, zancen kuwa ya zauna. Tun daga lokacin, a unguwarmu ba a sayen sabon magani sai an tambaya ko yana da biza.