Ranar da Aka Wanke Gansakukar Tirumalai

A layinmu na Kolatur ba wanda bai san Tirumalai mai haɗa tankin kifi ba. Gilashi ya yanka yatsunsa har ba sauran wurin sabon tabo. Ya daɗe yana liƙa wa mutane tankuna kafin ya haɗa nasa, na ruwan gishiri, da murjani mai rai, irin mai tsiro a ƙarƙashin teku, a ciki.

Idan baƙo ya tsaya yana yaba murjanin, sai Tirumalai ya ja shi ƙasa, ya buɗe kabad ɗin da tankin ke kai. Can ne zuciyarsa take. Wani ƙaramin tanki ne da ya raba ɗaki-ɗaki: ruwa ya sauko daga sama a tace shi, ya ratsa ɗakin tsakiya, sannan famfo ya mayar da shi. Kafin ya yanka gilashin sai da ya zane tsakar gida kaf da alli, har matarsa Selvarani ta rasa inda za ta taka. Ɗakin tsakiyar nan shi yake kira mafaka. Ba komai a ciki sai gansakuka kamar zaren da ya sarƙe, da ƙananan ƙwarin ruwa masu hayayyafa a cikinta.

Duk wannan wahala saboda kifi guda ne, ɗan mitsitsi mai ado kamar zanen amarya. Ba ya kallon abincin kanti, ƙwarin nan kawai yake tsinta idan famfo ya hauro da su. Selvarani ta sa masa suna Suruki, wai shi ma sai an lallaɓa shi yake cin abinci.

Maƙwabcinsa Arumugam shi ma yana da mafaka, amma a bokitin fenti. Tirumalai ya taɓa ce masa a gaban mai shayi, "Anna, babban yaya, wannan bokitin na kifi ne ko na banɗaki?" Tun ranar gaisuwarsu ta koma ta gira.

Sai bikin Ayuda Puja ya zo, ranar da kowa ke wanke kayan sana'arsa ya yi musu ado. Tirumalai ya tafi sayo ganyen ayaba da furanni. Mahaifiyarsa Pechiyammal, wadda ta iso daga ƙauye da asuba, ta wanke abin yankan gilashi, ta wanke keke, sannan ta buɗe kabad. Ta dafe ƙirji.

Da ya dawo ya tarar da mafaka tana ƙyalli, an cika ta da ruwan gishirin da ke jarka, an ɗiga mata jan gari a goshi, an rataya mata fure.

"Inna, ina gansakukata?"

"Ƙazantar nan? Tana kwata. Ka yi aure ka haihu, amma har yau sai na bi bayanka da soso."

"Abincin Suruki ne fa!"

"Wane suruki? Mijin ƙanwarka ya fara cin ciyawa?"

Selvarani ta toshe baki da gefen zanenta na sari. Shi kam bai yi dariya ba. Ƙwarin da suka rage a tsakanin duwatsu ba za su daɗe ba, kuma kifin in ya rame ba ya dawowa. Mai gansakuka irin wannan a duk unguwar mutum ɗaya ne.

"Ka je ka roƙi Arumugam mana," in ji Selvarani.

"Ni? Wurin mai bokiti?"

"To zauna. Ka yi wa Suruki bayanin girmanka, wataƙila ya ƙoshi."

Ya zauna ɗin, ya zuba wa kifin ido. Kifin na bin dutse yana leƙa kowane rami, kamar mai neman silifas a ƙofar haikali.

Selvarani ta tashi. Ta cika kwanon silba da gugguren shinkafa da alewa, rabon biki, ta tsallaka gidan Arumugam. Ta tsaya da matarsa a bakin ƙofa, ta ba da labarin soso da ƙarfi yadda na cikin ɗaki zai ji. An ce Arumugam ya yi dariya har ya ƙware.

A wurinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci fanko. Da yamma Arumugam da kansa ya kawo shi, rufe da faranti. Tirumalai ya ɗaga farantin: gansakuka ce jiƙe sharkaf, ƙwari na ta wutsil-wutsil a ciki.

"Daga banɗaki na ɗebo, ƙanena," in ji Arumugam. "Ka yi haƙuri da warin."

Tirumalai ya ƙwala wa Selvarani kira ta kawo wa Anna kofi, mai sukari sosai.

Suka durƙusa tare gaban kabad suka zuba gansakukar a mafaka. Pechiyammal na tsaye a kansu tana girgiza kai, wai manyan maza biyu sun maido datti gida ranar biki. Amma da ta ga ba fitar da shi za a yi ba, ta matso ta ƙara wa gilashin ɗigon jan gari.

Washegari Tirumalai ya sa wa kabad ɗin kwaɗo. Suruki na nan, har ya yi tumbi, kuma har yau bai ɗanɗana abincin kanti ba.