Launin Salma

Jalo dillalin shanu ne a karar Illela. Shekara arba'in yana duba haƙori da tozo. Ka tambaye shi yadda manyan shanu biyu suka haifi tsumburarren maraƙi, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce jini ne da yawa ya haɗu, kowane maraƙi da rabon da ya ɗebo. A kan shanu kam malami ne. A ƙofar gidansa ilimin ke tsayawa.

Shi fari ne, matarsa Fati ma fara, 'ya'yansu uku na farko duk suka biyo su. Ta huɗu, Salma, ta zo baƙa wuluk. Jalo ya yanka rago, ya ciyar, ya tufatar. Amma bai taɓa ɗaukarta ba, bai kuma ƙara kallon Fati a ido ba. Ni maƙwabcinsa ne, kuma abin ya ci mini rai. Da faɗa ya yi, da Fati ta samu abin da za ta rantse a kai. Haka ta zauna shekara goma sha tara da zargin da ba a furta ba, har ta rasu.

Salma ta auri Jabir, wani malamin makaranta a Amarawa, baƙi kamarta. Da ta haifi 'ya mace Jalo bai je suna ba. Sai da yarinyar ta shekara na matsa masa muka tafi. Aka fito da ita, fara sol, har ta fi Fati haske.

Jabir ya yi dariya. "Baba, kun gani? Launi ba abu guda na ba. Ƙwayoyin gado da yawa ka haɗuwa, kaɗan nan, kaɗan can. Mu baƙaƙe muna ɗauke da na fari, ku ma farare kuna ɗauke da na baƙi."

Jalo ya daɗe yana kallon jikar. Ko gezau fuskarsa ba ta yi ba.

"Salma," ya ce, "innakki ta taɓa yi miki zancena?"

"Mi za ta ce, Baba? Ta dai ce haka Allah yay yi ku, ba ku iya wasa da yara ba."

A hanyar dawowa, da muka iso maƙabarta, Jalo ya ce mai mota ya tsaya. Na bi shi ciki. Ya yi ta zagaya kaburbura, damina huɗu ta baje su duk sun zama ɗaya. Can ya juyo ya tambaye ni ko na tuna wanne ne na Fati. Ban tuna ba.