Haƙori Biyu a Rumfar Coci

Vasemaca ƙaguwa take sayarwa a kasuwar tsibirinmu, kuma bakinta ya fi kayanta cizo. Amma tun da jirgin fito ya nutse da mutum talatin da ɗaya, har da ɗanta Peniasi, ta koma mai kallon teku. Da hantsi za ka gan ta cikin ruwa iya gwiwa, ƙaguwa na ratsa ƙafafunta hankali kwance, ita kuwa tana hango jirgin can nesa, fari fat, yana tahowa sannu-sannu. Bai taɓa isowa ba.

Iyalan mamatan suka naɗa ta shugaba, don ita ce ba ta jin nauyin masu takalmi, manyan hukuma. Shekara biyu suna taruwa duk Laraba a rumfar coci, buƙatarsu ɗaya: a karanta musu rahoton binciken da hukuma ta kulle.

Sai hukuma ta yi dabara. Ta turo Isikeli, taubashin Vasemaca, mai yi wa hukumar aiki a birni, ɗauke da tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman gafara da shi. In aka karɓa, magana ta mutu, rahoto ya bi ta. In aka ƙi, an ci mutuncin baƙo.

"Taubashi, wannan tumbin duk rahotonmu ne ka haɗiye?" in ji Vasemaca da ya shigo rumfar.

"Ke dai har yau ƙarnin ƙaguwa kike," ya ce, yana share gumi.

Ya durƙusa ya miƙa haƙorin. Dattawa suka zuba mata ido. Ita kuwa hankalinta ya tafi. A cikin santsin haƙorin take ganin ruwa yana lilo, da wani yaro a bakin jirgi yana ɗaga hannu.

Ta dawo hayyacinta, ta buɗe kwandonta, ta zaro nata tabua, wanda aka nemi aurenta da shi, ta ba yayanta ya miƙa.

Ta ce, "Naka mun gani, mun mayar maka cikin girma. Ga namu roƙon. Ka zo mana da takardar."

Isikeli ya san duk wanda ya karɓa ya ɗauki alkawari. Ya dubi ƙofa, ya dubi matan da ke cikin baƙaƙen kaya.

"Za ki sa a kore ni, 'yar kawu."

"Sai ka zo in koya maka kamun ƙaguwa."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.