Gidan da Aka Bari Babu Komai a Kwalina

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, na dawo gida Rano da difloma a fannin kasuwanci, kaina ya kumbura kamar ni na ƙirƙiro kasuwa. Mahaifina yana da injin casar shinkafa, shi ne cinmu, shi ne suturarmu. Sai wani kansila da siyasa ta yi wa rana ya kafa sabon inji a bakin titi, masu kawo mana shinkafa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ya yanke shawara: zai sayar da gonar gadonmu ta Rurum ya sayo inji na biyu. Har mai saye ya samu, Juma'a za su tafa.

Na ce, "Baba, a ba ni kwana uku. Akwai yadda kamfanoni ke zaɓen hanya kafin su taka."

Ya ce, "To, ɗan boko, mu gani."

Wayyo daɗi! Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Na samo ƙaton kwali na raba shi gida huɗu: ƙarfinmu, rauninmu, damar da ke waje, da barazana. Na tara kawuna da ma'aikatanmu biyu a zaure, mahaifina yana kan buzunsa, ni kuma ina tsaye da alƙalami ina ji da kaina.

Gidan ƙarfi nan da nan ya cika. Alhaji, wato mahaifina, na da amana, Alhaji ba ya tauye mudu, injinmu ba ya karya shinkafa. Da na ce, "To, rauninmu fa?" sai wannan ya dubi silin, wancan ya hau gyaran hula. Kawuna ya ce, "Haba yaro, a gaban Alhaji? Ai ba mu da wani rauni sai abin da ba a rasa ba." Barazana kuwa ina ambata aka ce, "Allah Ya tsare, daina yi mana mugun baki."

Malaminmu na makaranta bai taɓa gaya mana cewa kwali ba ya aiki inda ake jin kunya ba. Rabinsa babu komai, kuma rabin da ya cika cewa yake mu ne gwanaye, a sayo inji kawai. Ni da na zo ceton gona, sai ga shi na ƙara wa cinikinta ƙarfi.

Mahaifiyata ce ta cece ni. Da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Wa zai faɗi aibin mahaifinka a gabansa in ba taubashiyarsa ba? Tafi Kibiya ka ɗauko Gwaggonka."

Gwaggon nan 'yar kawun mahaifina ce, wasa ne tsakaninsu tun suna yara, duk abin da ta gaya masa ba shi da damar fushi. Kuma sana'arta turara shinkafa. Washegari na ɗauko ta. Tana shiga zaure ta ce, "Ina malalacin? An ce an rasa mai faɗin halinka. Ɗana, buɗe alƙalami!"

Jama'a, hannuna har ciwo ya yi. Ta ce yana kulle inji bayan azahar ya tafi barci, matan Zinyau da Dawaki na zaune a rana da buhunansu. Ta ce abokinsa na zuwa sai a tsallake mace goma a casa masa. Ta ce yanzu da ko a motar haya mata ba sa son cakuɗa da maza, shi ƙofa ɗaya gare shi, sai an yi turereniya da 'yan dako. "Ni kaina wajen kansila nake kai tawa. Ba don injinsa ya fi naka ba, can ma wahalar ce, amma shi ba ya barci."

Mahaifina ya ce, "Ke dai ba ki da mutunci," yana dariya, amma na ga maganar ta shige shi.

Nan fa na ga abin da aka koya mana yana motsi a gabana. Na ja layi daga gidan rauni zuwa gidan dama: mata ne rabin kasuwar, kuma babu injin da ya tanadar musu wuri. Hanya ta zama biyu, ko sabon inji, ko ƙofar mata da rumfa da layi na gaskiya. Na zana su gefe da gefe, na ba kowa ƙwayar masara biyar ya ɗora inda ya ga ya fi. Kawuna ya zuba nasa a kan inji. Mahaifina ya daɗe yana juya nasa a tafin hannu, sannan ya sunkuya ya ajiye duka biyar a kan rumfa. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Ranar Juma'a aka ba mai saye haƙuri. Kafin kaka ta ƙare, rumfar nan ba ta ɗaukar mata saboda yawansu, barcin azahar kuwa ya koma tarihi. Har ya rasu, mahaifina cewa yake dabararsa ce, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Yau aikina ke nan, zana wa kamfanoni irin wannan kwali, sai dai a kwamfuta. Kuma duk inda na ga gidan rauni babu komai, mai gida na zaune ana ta yabonsa, nakan tambaya ko akwai wanda ya isa ya gaya masa gaskiya ya kwana lafiya. In babu, nakan ce a nemo shi kafin mu ci gaba.

Gonar Rurum tana nan, ni nake noma ta. Gwaggo ta tsufa, ba ta turara shinkafa kuma, amma buhun farko na kowace kaka ƙofarta ake sauke shi. Takan aiko a ce mini ta karɓi kuɗin makarantar da ta koyar da ni.