Man Shanun Dada

A gidanmu na Bauchi akwai ciwon da muke kira "namu". Daga saman cibiya yake kamawa, ya huda har gadon baya. Da shi kakanmu ya rasu, mahaifina kuma, da muke ce wa Baffa, ya gaje shi. In ya tashi, sai ka ga Baffa a dunƙule kan tabarma, gwiwa a ƙirji, gumi sharkaf.

Kakata Dada maganinta ɗaya ne a duniya: man shanu. Mun baro ruga mun shigo gari, amma wannan imanin da shi muka taho. Ciwon kunne, man shanu. Harbin kunama, man shanu. Baffa kuwa ɗan farinta ne, kunya ba ta barinta ta kira sunansa ko ta yi masa sannu. Sai dai ta narka mai ta kwarara har tuwo ya yi iyo, ta ce mini, "Ungo, kai wa wancan." Ya cinye don kada ranta ya ɓaci, kafin la'asar yana birgima. Ita kuma ta ce ai man ne bai isa ba!

Shekarar samun 'yancin kai Baffa ya rame ƙwarai, aka kai shi asibiti. Likita ya ce wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi take kumbura. Gado ne, amma taba da maiƙo ke tsokano shi. In bai bari ba, zai bi mahaifinsa.

Taba dai tun a hanya ya jefar. To, wa zai tunkari Dada? Kowa ya zame. Ni ce sarkin baki, ni aka tura.

"Dada, manki ne fa ke kayar da ɗanki."

"Ke, tafi can, marar kunya! Likitan ya taɓa tatsar saniya?"

"Ya ce ciwon da ya ɗauke mijinki ne."

Ta sunkuyar da kai. Wallahi sai da tausayinta ya kama ni.

Ranar bikin 'yancin kai gari ya kaure da kiɗa, kowane gida sai ƙamshi. Dada ta kaɗa miyar kuka ba ko ɗigon mai, ta ce in kai wa wancan. Na dawo na tarar nata tuwon ma haka yake, tana ci tana yatsina fuska.

"A'a, Dada, ke ma ciwon ne?"

"Hancinsa na jiyowa ta katanga," ta ce, ta ci gaba da cin tuwonta.

Baffa ya rayu har ya goyi jikoki a kafaɗa. Dada kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake kai man shanu bakinta ba.